Laburare, Sayen Littafi ko Rumbun Intanet: Ina Mai Binciken Shari'a Zai Sa Kuɗinsa?

Ɗalibin lauya da ya kai aji biyar, da sabon lauyan da ya fito daga makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari yana neman inda zai tsuguna, da mai rubuta kundin digiri na biyu a kan gado ko filaye, kusan tambaya ɗaya suke yi: kuɗin hannuna kaɗan ne, littafi zan saya, ko in biya kuɗin shekara a ɗaya daga rumbunan intanet, ko kuwa in haƙura da laburare da abin da ake samu kyauta? Amsar tana bin aikin da ke gaban mutum. Amma akwai abu guda da ya raba binciken shari'a da sauran bincike, kuma shi ya kamata a fara sawa a gaba.

Doka tana tsufa. Wani lokaci ma takan mutu alhali littafinta na nan sabo fil a kan kanta. Dokar Shaida ta 2011 ta kawar da tsohuwar da aka daɗe ana aiki da ita, ita ma an yi mata gyara a 2023. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta maye gurbin ta 1990. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sha gyare-gyare, na baya-bayan nan a 2023. Kundin dokokin tarayya da ake kira LFN 2004 har yau ana ambatonsa, amma duk dokar da aka yi bayan an haɗa shi ba ta ciki. Mai nazarin tarihi yana iya dogara da littafin da aka buga shekara 40 da suka wuce. Lauyan da ya yi haka bai bincika ba, a gaban alƙali zai ji kunya, kuma wanda ya ɗauke shi aiki shi zai kwana a ciki.

Abin da za a auna

Na farko sabuntawa: abin da ka samu, shi ne dokar da ke aiki yau? Na biyu aminci, wato ko za ka iya miƙewa a kotu ko gaban malamin da ke duba aikinka ka ce ga hujjata, ga shafi, ga sakin layi. Sai kuɗi, ba na ranar farko kaɗai ba, har da na data da wuta da mota. Sai ɗorewa: bayan shekara 5, abin yana hannunka ko ya tafi? Sai sauƙin nema.

Akwai ma'auni na shida da masu tallar kayan bincike ba su cika ambata ba, ga shi kuwa mu 'yan Arewa shi ya fi damun mu. Shin hanyar tana ɗauke da dokokinmu? Kudu da kundin laifuffukanta take aiki, mu kuma da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Jihohi sun yi nasu gyaran, Kaduna ma ta fitar da sabo a 2017. Zamfara da Kano da wasu jihohi suna da kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci tun daga 2000. Aure da saki da gado da riƙon yara kuwa, a kotunan shari'a da fiƙihun Malikiyya ake yanke su. Hanyar da ta cika da hukunce-hukuncen kasuwanci na Legas amma babu waɗannan, rabin aiki ta yi maka.

Laburare

Ita ce mafi araha, kuma ita aka fi rainawa. Kowace tsangayar lauya tana da laburarenta, manyan kotuna da ma'aikatun shari'a na jihohi ma haka. A Zariya, tsangayar lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Kongo, tare da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Cibiyar zurfafa nazarin shari'a ta ƙasa, NIALS, wadda aka kafa a 1979, tana da babban laburare a harabar Jami'ar Legas da ke Akoka. Mai bin tarihin kotunan alƙalai da na sarakuna a zamanin Turawa kuma, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Arewa House su ne mazauninsa.

Ƙarfin laburare yana wajen tsofaffin abubuwa. Rahotannin shari'a na tsohuwar Jihar Arewa, tsofaffin gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga dokoki a ciki, mujallun tsangayoyi da ba a taɓa ɗora su a intanet ba, kundayen digirin waɗanda suka riga ka, duk a nan suke. Sannan ga ma'aikacin laburare. Wanda ya shekara 20 yana jera waɗannan littattafai yakan san abin da na'ura ba ta sani ba, ya ce maka wannan juzu'in ba ya nan amma akwai shi a laburaren babbar kotu. Ka gaishe shi da ladabi, ka faɗa masa ainihin abin da kake nema. Yini guda yakan rage maka aikin mako.

Rauninta a fili yake. Sababbin bugu sukan yi jinkirin zuwa, jerin rahotanni yakan yi giɓi, akwai lokacin rufewa, yajin aiki kuma yana iya kulle ƙofar wata da watanni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka buɗe juzu'i ka tarar wani ya yage shafukan da kake nema. Wanda ya yi haka ya cuci duk waɗanda za su zo bayansa.

Sayen littafi

A nan sai a raba abu biyu: littafin darasi da rahoton shari'a.

Littafin darasi mai kyau, a fannin da za ka daɗe a cikinsa, ya cancanci kuɗinsa. Naka ne, za ka ja layi, ka yi rubutu a gefe, ba ruwansa da ɗauke wuta. Idan ka kare shi daga gara da ɗanshin damina, zai yi shekaru. Sai dai ɗorewar takarda daban, ɗorewar abin da ke cikinta daban. Kafin ka biya, buɗe shafin farko ka ga shekarar bugu, sannan ka karanta gabatarwa, domin marubuta da yawa sukan faɗi ranar da suka tsayar da dokar a kai. Littafin shaida da aka buga kafin 2011 ba zai gaya maka komai a kan sashe na 84 ba, wanda ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, balle hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Kubor da Dickson da ya yi bayani a kansa. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi haziƙi da ya gina babi sukutum a kan tsohuwar dokar, saboda littafin da yayansa ya bar masa ke nan. Rubutun ya yi kyau, amma dole aka rushe shi aka sake.

A kula da bugun jabu. Yana da araha, amma takan yiwu shafuka sun ɓace ko lambobinsu sun sauya, ga kuma tauye haƙƙin marubucin da ya sha wahala.

Rahoton shari'a kuwa wani abu ne daban. NWLR, wato Nigerian Weekly Law Reports, jerin hukunce-hukuncen manyan kotuna wanda marigayi Cif Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, yana cikin waɗanda kotuna suka fi sabawa da su. Amma kashi-kashi yake fitowa, kuma shari'ar Kubor da na ambata, wadda aka buga a 2013, tana kashi na 1345 ne. Ka lissafa kuɗin da kantocin da jerin zai ci zuwa yau. Wannan jarin babban ofishin lauyoyi ne, ba na mai farawa ba. Ga mutum ɗaya, ban ga hikimar tara shi a takarda ba, tunda shi kansa yanzu ana samunsa a intanet da biyan kuɗi.

Rumbunan hukunce-hukunce na biya

LawPavilion da Legalpedia da shafin NWLR su ne aka fi sani. Duk inda ka ga LPELR a jikin sunan shari'a, daga LawPavilion ta fito, kuma yanzu alƙalai da kansu suna ambaton ta a hukunci. Abin da kake saye a nan lokaci ne. Ka rubuta kalma biyu a kan izinin gwamna ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, nan take shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 ta fito, da waɗanda suka biyo bayanta. Aikin da da yakan ci kwana uku ana buɗa fihirisa, yanzu kafin shayi ya huce an gama. Sababbin hukunce-hukunce kuma suna shiga da wuri fiye da yadda takarda ke isowa.

Amma haya ce, ba saye ba. Ranar da kuɗinka ya ƙare, ƙofa ta rufe. Farashi yana da matakai kuma yana sauyawa, saboda haka ka tambaya da kanka, ka tambayi ko akwai rangwamen ɗalibai ko na sababbin lauyoyi, ka kuma ji na'ura nawa aka yarda ka buɗe a kai. Idan an ba da damar gwaji, kada ka gwada da shahararriyar shari'ar da kowa ke da ita. Nemi dokar jiharka ta gudanar da shari'ar laifuffuka, nemi ƙa'idojin babbar kotun jiharka, nemi hukunci a kan gado ko shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na ya riga kowa sayen kason da ɗan'uwansa ya sayar. Abin da ya fi yawa a waɗannan rumbuna hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli ne da na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na kotunan jihohi, musamman Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sau da yawa sai ka taka zuwa rajistaran kotun ka nemi kwafi mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira CTC.

Haɗarin da ya fi girma a nan sauƙin ne da kansa. Editoci sukan ciro muhimman maganganu su jera a saman hukunci, mai gaggawa sai ya kwafe su ya wuce. Ba ya sanin ko maganar ita ce ginshiƙin hukuncin, ko alƙali ya faɗe ta ne a kan hanya, ko ma daga bakin alƙalin da ya saɓa wa sauran ta fito. Lauyan ɗaya ɓangaren idan ya karanta hukuncin duka, da shari'ar da ka kawo zai kayar da kai.

Mujallu da maƙaloli

Rumbunan da na ambata na lauyan kotu ne. Mai rubuta kundin digiri yana bukatar abin da masana suka ce, kuma wannan a wani gidan yake. HeinOnline tana ajiye mujallun shari'a da hoton shafukansu kamar yadda aka buga, galibi tun daga fitowar farko, don haka lambar shafin da za ka ambata daidai take. JSTOR ma tana da tsofaffin mujallu masu daraja, irin su Journal of African Law da ke fitowa tun 1957, inda aka yi rubuce-rubuce da dama a kan sauye-sauyen shari'a a Arewa gab da samun 'yanci. Jami'o'i ne suka fi biyan kuɗin waɗannan, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Akwai kuma GOALI, shirin da aka fara a 2018 ƙarƙashin Research4Life domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su samu mujallun shari'a kyauta ko da rahusa.

Abin takaici, ɗalibai da yawa sukan gama karatu ba su taɓa tambayar ko makarantarsu na da waɗannan ba. Ka je sashen intanet na laburarenku ka tambaya tun kana aji uku. Ka tuna kuma damar tana ƙarewa ranar da ka ajiye katin ɗalibi, saboda haka abin da ka sauke ka adana shi da cikakken suna da shekara da shafi.

Na kyauta

Kyauta ba ta nufin banza. NigeriaLII, wadda ke cikin dangin AfricanLII, tana ɗora hukunce-hukunce da dokoki da gazet. Cibiyar PLAC ta Abuja ta ɗora LFN 2004 a shafinta. AJOL tana tattara mujallun Afirka, cikinsu har da na tsangayoyin lauya na Najeriya, wasu a buɗe suke. SSRN tana da maƙaloli da yawa, sai dai wasu daftari ne da ba a tace ba, don haka ka nemi bugun ƙarshe kafin ka ambata. JSTOR kanta tana barin mai rajistar kyauta ya karanta wasu adadin maƙaloli kowane wata. BAILII tana da hukunce-hukuncen Ingila, amma ka sani na yanzu ba sa ɗaure kotunanmu, shawara ce kawai alƙali zai ɗauka ko ya bari. Google Scholar yana da kyau wajen gano maƙala, sashensa na hukunce-hukunce kuwa na Amurka ne. Mai bincike a kan dawo da Shari'a a jihohin Arewa kuma, tarin takardun da Philip Ostien ya haɗa aka buga a juzu'i 5 a 2007, wanda ya ƙunshi 1999 zuwa 2006, yana intanet kyauta.

Raunin wannan hanya giɓi ne. Idan ba ka sami shari'a ba, ba yana nufin babu ita ba. Idan ka sami doka, ba lallai an shigar da gyaranta na baya ba.

Akwai nau'i biyu na kyauta da nake tsoro. Ɗaya shi ne fayilolin da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram, babu shekara, babu maɗaba'a, wani lokaci ƙudurin da bai zama doka ba ne aka sa masa sunan doka. Na biyu manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, waɗanda ke iya ƙaga sunan shari'a da lambarta alhali ba a taɓa yin ta ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca saboda sun gabatar da irin waɗannan. Duk shari'ar da na'ura ta ba ka, sai ka gan ta da idonka a rahoto kafin ta shiga takardarka.

Littattafan fiƙihu

Wannan fanni yana da hanyarsa. A shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, wadda ta taso a kan shuf'a, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa Shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce. Rubutacciya ce, kuma alƙalai nassi suke so su gani: Risala da sharhinta Samaruddani, Mukhtasar Khalil da Jawahirul Iklil, Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim da sharhinta Bahja, As'halul Madarik. A nan saye yana da riba sosai, domin nassin bai tsufa kamar dokar majalisa, kuma masu sayar da littattafan Larabci a Kano da Zariya da Sakkwato suna da su. Maktaba Shamila, manhajar da ta tattara littattafan Larabci, kyauta ce kuma tana saurin nemo mas'ala, amma bugu ya bambanta, shafi yana sauyawa. Ka nemo a Shamila, ka tabbatar a bugun takarda, ka faɗi wane bugu ne. Wanda bai iya Larabci ba yakan jingina da littafin Ruxton na 1916, amma ya sani taƙaitawa ce daga fassarar Faransanci ta Mukhtasar. Ya fi masa ya zauna gaban malami ya karanta masa nassin.

| Hanya | Kuɗi | Sabuntawa | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Laburare | Kaɗan: mota da fotokwafi | Tana jinkiri | Muddin kana da izinin shiga | Giɓi da tsohon bugu |
| Littafin darasi | Matsakaici, sau ɗaya | Tsaye a shekarar bugu | Shekaru | Doka ta sauya ba ka sani ba |
| Rahotanni a takarda | Mai yawa ƙwarai | Sai kana ci gaba da saye | Shekaru | Wuri, gara, wahalar nema |
| Rumbun hukunci na biya | Kowace shekara | Da sauri | Tana ƙarewa da kuɗinka | Kwafe taƙaitawa ba karanta hukunci |
| Rumbun mujallu na jami'a | Makaranta ke biya | Mai kyau | Har ka gama karatu | Ƙarancin mujallun gida |
| Shafukan kyauta | Data kawai | Ba tabbas | Abin da ka sauke naka ne | Doka marar gyara |
| Littattafan fiƙihu | Matsakaici | Nassi bai tsufa | Tsawon rai | Bambancin bugu |

Wa ya dace da me

Ɗalibin digiri na farko kada ya yi gaggawar biyan kuɗin rumbu daga aljihunsa. Ya sayi Kundin Tsarin Mulki mai ɗauke da gyaran 2023, da sabon bugun littafi ɗaya a darasin da ya fi ba shi wuya, sauran ya nema a laburare da shafukan kyauta. Idan lokacin firojet ya zo, ya tambayi abin da tsangayarsa ta riga ta biya.

Mai digiri na biyu ko na uku, mujallu ne abincinsa: HeinOnline ko GOALI ta hannun jami'a, AJOL don muryar masana na gida, sannan ya ware kuɗin tafiya. Kundin da ya shafi kotunan Arewa ba ya kammaluwa daga ɗaki. Sai an je Kongo, an je Kaduna, an zauna a rajistaran kotu.

Sabon lauyan da ke shiga kotu kullum shi ne wanda kuɗin rumbun biya ya fi yi wa amfani, har ina ganin ya fi masa sabuwar kujerar ofis. Idan ofishin da yake aiki ya riga ya biya, ya mai da nasa kuɗin kan ƙa'idojin kotunan jiharsa da dokokinta, bugun gwamnati in ya samu. Wanda aikinsa ya fi karkata kotunan shari'a kuwa, ya fara da Tuhfa da Mukhtasar da sharhinsu, rumbu ya biyo baya don ganin yadda manyan kotuna suka fassara su.

Lauyan 'yan kasuwar da ke harka tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin aiki. Dokar kasuwanci a Nijar da Chadi da Kamaru ta OHADA ce, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 1993, mai kotun ƙoli a Abidjan. Nassoshinta suna intanet kyauta, galibi da Faransanci, kuma rumbunan Najeriya ba don su aka gina su ba.

Ɗan jarida ko ɗan ƙungiya ko mai rikicin fili da ke son ya fahimci matsayinsa, shafukan kyauta sun ishe shi ya karanta dokar da idonsa. Ya rubuta sunanta da shekararta da lambar sashen, ya kai wa lauya ya tabbatar masa ko tana nan yadda take.